Injin Kwalekwale a Cikin Duro

Ku da kuka fara zuwa garejin Baba a wannan hutun kuna ta tambayata me tsinken tsintsiya yake yi a cikin akwatin sifana. To, akwai wata Alhamis da har yau ba ta fita daga raina ba.

Lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Aikina idan an yi hutu shi ne wanke fulogi da tara notuna a faranti don kada su ɓace. Babura da janareta muke gyarawa. Ba na magana da masu kawo gyara, ko gaisuwa ma kaina a ƙasa nake yinta.

Bayan azahar wani dattijo, Malam Garba, ya sauko daga motar Maigatari da inji a naɗe cikin buhu. Daga wajen Haɗeja yake, shi ke fito da mutanen ƙauyensu a kwalekwale idan ruwan damina ya yanke hanya. Ya ce kafaɗunsa sun gaji da tuƙi da gora, shi ya sa ya sayi injin a kasuwar Maigatari a hannun wani mutumin Damagaram. Sun yi da shi cewa in bai yi ba ya mayar kafin magariba, don daga nan mutumin zai tsallaka iyaka.

Baba bai taɓa taɓa irinsa ba, amma ya bi shi kamar babur. Ya cire fulogi na goge, ya wanke kafireto, ya haɗa fetur da baƙin mai. Sannan ya kama igiya zai ja.

"Kai, kai, Malam Sani!" in ji Malam Garba. "A busasshe? Ku mutanen tudu! Akwai wata roba a ƙafarsa da ke tura ruwa sama ya sanyaya shi. In ka tayar babu ruwa, ta ƙone."

Baba ya ce, "To, Sarkin Ruwa, ina zan samo maka kogi a Gumel?"

Aka mirgino duro. Ranar kuwa famfo bai kawo ba. Mai garuwa ya juye nasa bai kai rabi ba, Inna ta aiko da na randarta, maƙwabta suka yi ta fitowa da bokitai don su ga jirgin ruwan Malam Sani. Aka tsoma ƙafar injin, Baba ya ja igiya, ya tashi da ƙara. Mutane suka hau tafi.

"Kashe! Kashe!" Malam Garba ya ɗaga hannu. "Ba ya fitsari."

Ya bayyana mana cewa lafiyayyen inji yana tsartar da ruwa siriri ta baya. In babu, to robar ta mutu. Baba ya ce irinta sai Kano. Malam Garba ya dubi rana, ya fara kakkaɓe buhunsa. "Shi ke nan, in koma wa gorata."

Ni kuwa ina tsugune a bayan duron, sai idona ya kai kan wata 'yar kafa a gindin murfin injin. An liƙe ta da jar ƙasa sumul, irin yadda zanzaro ke toshe ramin kwaɗon ajinmu. Sai na ja gefen rigar Baba.

"Mene ne, Uwata?"

Na zare tsinke daga tsintsiya na soka a kafar. Ƙasa ta zubo, har da 'yar tsutsa. Baba ya dube ni, ya sake jan igiya. Ruwa ya tsarto sai cikin gemun Malam Garba.

"Ya yi! Wallahi ya yi!" Ya tsaya a wurin bai kauce ba, yana dariya ruwa na bin wuyansa. Baba don murna ya saka giya, farfela ta kwashe ruwan Inna ta watsa wa kowa, har mai garuwa.

Da Malam Garba zai tafi ya ce, "'Yata, duk ranar da kika zo, ke ce a gaban jirgi." Har yanzu ban je ba. Amma da kaka ya aiko mana da bandar kifi, ya ce a faɗa mini gorar tana rataye a zaure.

Abin da na koya shi ne, Baba bai ji kunyar koyon aiki daga bakin mai kawo gyara ba, kuma kafin a kwance inji a fara duba ƙananan kafofinsa. Shi ya sa tsinken yake tare da sifanu. In kun ɗauka, ku mayar.