Mai Fentin da Ya Cika Wuta da Maƙwabtansa

A duk garin Kut Wai babu wanda ya taɓa zaton Khamphan zai yi wa addini wani amfani, har uwar da ta haife shi. Shekarar da ya zama saurayi ta matsa masa ya aske kai ya shiga haikalin Buddha ya yi zaman sufanci na damina ɗaya, kamar kowane ɗa mai son uwarsa ta samu lada. Aka naɗa masa mayafi ruwan goro, uwar ta yi kukan daɗi, aka yi kiɗa aka watse. Ya san sarai cewa sufi ba ya cin komai daga tsakar rana sai wata safiya, amma cikinsa bai yarda da wannan doka ba. Mutum ne da ke share kwandon shinkafa mai danƙo a zama ɗaya, ya kuma leƙa na kusa da shi.

Yunwa ce ta koya masa zane. Da yamma, idan hanjinsa ya fara kuka, sai ya ɗauki gawayi ya zagaya bayan ɗakin karatu ya zana abin da ransa ke so: gasasshiyar kaza, kifi a kan garwashi, turmin kwaɗon gwanda. Da abinci ya ƙare masa sai ya koma kan mutane. Ya zana tsohon shugaban haikalin yana gyangyaɗi a tsakiyar ibada, baki a hangame, ƙuda na neman hanyar shiga. Tsohon ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon kansa a jikin bango, sannan ya ce, "Hannunka ya fi kanka albarka. Damina na ƙarewa ka dawo mana da mayafinmu."

Haka aka yi. Abokinsa Sawaeng, wanda suka shiga rana ɗaya da niyya iri ɗaya, shi ya zauna ya ƙi fita. Khamphan kuwa ya hau mota sai Bangkok. Can ya yi ƙuruciyarsa a kan tsanin gora, yana zana manyan allunan silima: jarumai masu gashin baki riƙe da bindiga, 'yan mata suna zubar da hawaye manya-manya, gobara na ci a bayansu. A gobarar ya fi gwaninta. Da injin buga hoto ya zo ya kashe sana'ar, ya tattara burushinsa ya dawo gida da tari da kuma ƙaunar giyar shinkafa. Ya auri Sangwan, wata bazawara mai sayar da kwaɗon gwanda a mararraba, wadda bakinta ya fi barkononta zafi. Ya koma yi wa motocin rake da rogo ado, yana zana musu damisa da furanni. Haka ya yi furfura.

Sawaeng kuma a hankali ya zama shugaban haikalin, kowa na ce masa Luang Pho, wato uba mai daraja. Da aka gama ginin sabon zauren wa'azi, ya aika a kira masa Khamphan. Khamphan ya zo ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, gwiwoyinsa na ƙara.

Luang Pho ya kira shi da Yom, yadda sufaye ke kiran wanda ba sufi ba, ya ce, "Yom Khamphan, hannun yana nan, ko kwalba ta cinye shi?"

"Luang Pho, hannun da ke ɗaga kwalba kullum ai motsa jiki yake yi."

"To ga aiki. Bangon gaba, rayuwar Buddha. Na gefe, yadda koyarwarsa ta bi ƙasashe har ta iso mu. Na bakin ƙofa kuwa, wutar azaba, don mai fita ya tafi gida da abin tunani."

Bangon gaba ya ba mutane mamaki. Khamphan ya yi shi shiru, ba waƙa ba zagi. Sangwan ta ba da labari a mararraba cewa tun da ya fara fuskar Buddha bai taɓa kwalba ba, har ta fara tunanin kai shi asibiti. Ya goge idanun zanen ya sake, ya goge ya sake, don kullum sai su fito irin na jarumin silima mai shirin ɗaukar fansa. Ranar da suka fito a lumshe yadda yake so, ya sauko daga tsani ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallonsu. Daga nan ya wuce shago ya rama azuminsa.

A bango na biyu halinsa ya dawo. Luang Pho yakan zauna a kujera yana ba shi tarihi: yadda Sarki Asoka na Indiya ya gaji da zubar da jini ya aika sufaye kowace kusurwa, yadda 'yarsa ta ɗauki reshen bishiyar da Buddha ya samu hasken sani a ƙarƙashinta ta haye teku da shi zuwa Lanka, yadda wasu suka bi ayarin fatake ta hamada da duwatsun ƙanƙara har ƙasar Sin, daga can aka miƙa wa Koriya da Japan. Khamphan yana ji yana gyaɗa kai, sannan ya zana abin da ya ga dama. Jirgin gimbiya ya fito dogon kwalekwalen tsere irin na kogin Mun, da masu tuƙi da makaɗi a tsakiya. Mutanen Indiya duka suka fito da gashin bakin 'yan fashin silima. Sufayen da ke tsallake ƙanƙara kowannensu da lema da kwandon shinkafa a kafaɗa.

Luang Pho ya nuna wata dabba da sandarsa. "Wannan fa?"

"Raƙumi ne."

"Raƙumi da ƙahon ɓauna?"

"Luang Pho ya taɓa ganin raƙumi?"

"Ban taɓa ba."

"To ni ma haka. Mu bar shi yadda ya zo mana."

"Shinkafarmu kuma me ta je yi a ƙasar Sin?"

"Haba Luang Pho, tafiyar shekaru ba guzuri? Da yunwa za su kai addinin?"

Luang Pho ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce dama koyarwar duk ƙasar da ta sauka kamannin mutanen wurin take ɗauka, to ta ɗauki na Kut Wai ma, a bar shi.

Bangon wuta shi Khamphan ya rufe da tabarmi, ya hana kowa leƙawa har ranar buɗe zaure. Ranar aka taru, aka kawo wa sufaye abinci, aka yi karatu, sannan aka yaye tabarmi. Da farko mutane suka ja da baya, don gobarar kamar za ta lashi mutum. Sai wata mata ta ce, "Af! Wannan ba Inna Chaluai ba ce?"

Ita ce kuwa. Chaluai mai injin casar shinkafa, wadda ta yi wa zauren rufi, ga ta nan ana auna ta a kan sikelinta, wani dodo ya danne gefe ɗaya da ƙafa. Ga mahaucin gari aladu na bin sa da wuƙa. Ga mai sayar da lambobin caca ana ɗura masa su a baki. Ga matan bakin rijiya an jawo harsunansu ana gugar su da dutsen guga. A tsakiya kuma, kan bishiyar ƙayar da mazinata ke hawa, ga mai gari Prasong tsirara yana rarrafe sama, karnuka na jiransa a ƙasa, har da tabon da ke ƙeyarsa. Macen da ke saman bishiyar ta juya baya, ba a ganin fuskarta. Matar mai gari ta matsa kusa, ta ƙura wa ɗaurin gashin ido, ta juyo tana duba matan da ke zaure ɗaya bayan ɗaya. Wata mai ɗinki ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Kafin rana ta karkata gari ya yamutse. Mai gari ya zo gaban Luang Pho yana huci, Chaluai na bayansa tana cewa a cire mata rufinta. Aka jawo Khamphan.

"Ni ban zana kowa ba," in ji shi. "Fuska ai fuska ce. Hanci biyu gare ta?"

"Tabon fa?" mai gari ya daka masa tsawa.

"Wane tabo, ranka ya daɗe? Kana da tabo ne?"

Luang Pho ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tashi ya bi bangon daga farko har ƙarshe, sannan ya ce, "Yom Khamphan, dokokin da aka ɗora wa kowa nawa ne?"

"Biyar."

"Na ga mai kisa, na ga ɓarawo, na ga mazinaci, na ga maƙaryaci. Ina mashayi?"

Khamphan ya sosa ƙeya. "Bango ne ya ƙare."

"Ga fili nan gefen ƙofa, daidai tsayin mutum. Ka san fuskar, kullum kana aske ta." Sannan ya juya ga jama'a. "Ku kuma, duk wanda ya tabbata shi ne a bangon nan, kuma aikin da aka zana nasa ne, ya fito gaban mutane ya nuna kansa da yatsa, yanzu a goge shi."

Babu wanda ya motsa. Mai gari ya sake duban bishiyar ya ce, in an lura da kyau, mutumin ya fi kama da wani ɗan garin gaba. Chaluai ta ce ita dama ba ta da ƙiba haka.

Khamphan ya cika umarni. Ya zana kansa a gefen ƙofa, baki a sama, ana tsiyaya masa narkakken ƙarfe a maƙogwaro. Sangwan ta zo duba aiki ta ce bai yi ba, sai an sa mata hannu a ciki. Don haka dodon da ke riƙe da tukunyar ya fito da fuskarta, da taɓaryar kwaɗo a ɗaya hannun. Ta yi ta kawo masu sayen gwandarta suna gani.

Labari ya bazu, mutanen ƙauyuka suka riƙa zuwa a bayan motocin rake don kallon wutar Kut Wai. Sai kuma wata rigimar ta taso daga inda ba a zata ba. Wata tsohuwa, Iya Pheng, ta tare Khamphan a hanya da sandarta.

"Kai ɗan nan, ni ba mutum ba ce? Tun kafin a haifi matan can nake gulma a garin nan. Wa ya koya musu? Ka sa su ka bar ni?"

Ya sa ta, a gaban layi. Bayanta wasu suka biyo, har wurin ya cushe, ya zama duk wanda ba ya cikin wuta ba a ɗauke shi wani abu ba a gari.

Ana haka shekaru suka tura. Wata damina kogin Mun ya cika ya shigo gari, ruwa ya kwana a zauren har ƙirjin mutum. Fentin mota ne a kan siminti, bai jure ba. Da ruwa ya janye, bangon wuta ya kumbura ya riƙa zubowa ɓawo-ɓawo. Mutane suka yi ta raha cewa an yi musu afuwa gaba ɗaya. Khamphan bai yi dariya ba. Ya tsaya a cikin laka yana tsintar ɓawon fenti, a wani hanci, a wani rabin ido.

Luang Pho ya dafa sanda ya zo kusa da shi. "Yom, abin da ake faɗa kullum ke nan. Duk abin da aka haɗa sai ya rabu."

"Wa'azin da daɗin faɗa ga wanda bai hau tsanin ba," in ji Khamphan, bai ko ɗago ba.

Luang Pho ya sa aka kawo kujera biyu, suka zauna tare suna kallon bangon har aka buga ƙararrawa.

Da rani ya ɗauko burushi zai sake. Tsani ya fi ƙarfinsa, sai a zaune. Da ya zo zana fuskokin sai ya tarar yawancin masu su sun mutu, an ƙone gawarsu a bayan haikali bisa al'ada: mai gari ya tafi, Chaluai ta tafi, Iya Pheng ta tafi. Ya ɗora burushi a kan bishiyar ƙaya ya kasa. Ya ce wa Sangwan tsokanar mai rai daban, amma wanda ya riga ya tafi bai san inda ya sauka ba, ba zai tura shi da hannunsa ba. Sai ya ja kujerarsa zuwa bangon gefe, inda ruwa ya ci ƙasan kwalekwalen gimbiya, ya zuba su a ciki suna tuƙi zuwa Lanka. Mai gari a gaba, Chaluai na rabon shinkafa, Iya Pheng ta juya tana yi wa na bayanta raɗa.

Bai gama ba. Sanyin shekarar ya tayar masa da tsohon tarinsa, ya kwanta, bai tashi ba. Bangon ƙofa ya zauna da simintinsa fari fat, kwamitin haikali na ta shawarar abin da za a yi da shi.

Ranar ƙona gawarsa garin ya cika, har direbobin rake suka jera motocinsu a bakin hanya suna danna oda. Sangwan ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta dai daka kwaɗon da ya sa kowa hawaye. Bayan an gama karatu, mahaucin gari, wanda shi ma ya tsufa, ya matso ya durƙusa ya tambayi abin da ke ran kowa, tunda a addininsu wanda ya mutu sake haifarsa ake yi daidai aikinsa.

"Luang Pho, mutum irin wannan, da ya zana Buddha ya kuma sha giyar da ta kai kogi, ina za a sake haifarsa?"

Tsohon ya dubi hayaƙin da ke tashi, ya goge ido da gefen mayafi.

"Ban sani ba, Yom," ya ce. "Amma duk inda ya sauka, ina tausaya wa maƙwabtansa."