Bari In Taka Maka

A Unguwar Sarki, in aka ambaci Malam Ɗahiru mai huluna, rakiyarsa ake fara tunawa kafin hulunan. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a Babbar Kasuwar Kaduna, kuma ya iya sana'arsa, don kallo ɗaya zai yi wa kan mutum ya zaro wadda za ta zauna masa daram. Amma baƙo bai taɓa fita gidansa shi kaɗai ba. Kana cewa za ka koma, zai laluɓo takalmi ya ce, "Bari in taka maka." Takawar nan kuwa ba ta da iyaka. Abokansa kan tsokane shi cewa ya taɓa raka wani har Kawo, sai da baƙon ya ji kunya ya juyo ya rako shi gida. Shi dai dariya yake yi, bai taɓa musawa ba.

Mantuwa ta fara masa yana da shekara saba'in da uku. Sunayen huluna suka fara ɓace masa, sai hanyar gida daga masallaci, daga baya kuma fuskokin mutane. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa mata suna ɗakunansu, don haka ɗansa Yusha'u, malamin firamare, ya kwaso iyalinsa ya dawo gidan. A asibiti aka ce ciwon mantuwa ne, a ƙwaƙwalwa yake, ba ya warkewa sai dai a lallaɓa. Masu shawara suka yi ta sintiri, kowa da ƙullin maganinsa. Da suka ga tsohon ba ya gane su, sai suka ɗauke ƙafa. Mutumin da ya raka rabin unguwa aka rasa mai leƙo shi. Abin ya ci wa Yusha'u rai, kuma yana da gaskiya.

Da daminar bara Malam Ɗahiru ya zame a bakin banɗaki. Bai karye ba, amma tsoro ya shige shi. Ya zauna a kujerar zaure ya ƙi tashi, sai dai a cicciɓe shi. Cikin wata biyu cinyoyinsa suka tsotse.

Nan aka haɗa su da Sadiq, likitan gashin ƙashi, wanda yake zuwa gida sau biyu a mako. Bai ɓoye wa Yusha'u komai ba.

"Malam Yusha'u, in Baba ya daina tafiya, gado zai koma. In ya koma gado, gyambon kwanciya da ciwon huhu ne ke biyo baya. Ko taku ashirin ne, ya yi su kullum."

Ya sa aka naɗe tabarmin da ke hanya, aka sayo takalmi mai riƙe dunduniya. Ya murza ƙafafun, ya lanƙwasa, ya miƙe. Amma da zarar ya ce, "Baba, tashi mu gani," sai tsohon ya tsaya yana kallonsa kamar ana yi masa wani yare. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka kawo, hularsa ya rataye a kai. Mako uku ana haka.

Wata Talata Sadiq ya gaji, ya haɗa jakarsa ya ce, "To Baba, ni zan koma."

Malam Ɗahiru ya dafa hannun kujera, ƙafarsa tana laluben takalmi. "Bari in taka maka," in ji shi. Ya yunƙura sau biyu, a na uku ya miƙe. Yusha'u ya tari gwiwar hannunsa, suka yi taku goma sha ɗaya har bakin ƙofa. Sadiq ya juyo yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce umarni ne ba ya shiga, amma girmama baƙo yana nan bai tafi ba, don haka a samar masa baƙo kullum.

Yusha'u ya bi tsofaffin abokan mahaifinsa gida-gida. Biyu suka zo sau ɗaya, sauran suka ce insha Allahu. Sai ya zama baƙon da kansa, tunda dama tsohon ya daina gane shi, "bawan Allah" yake ce masa. Kullum bayan la'asar zai sa babbar riga, ya fita ta ƙofar baya, ya zagayo ya yi sallama a zauren ubansa. A gaisa, a tambayi iyali, a kawo ruwa, sannan ya ce zai koma. In sun kai kwanar masallaci sai ya ce ya manta wayarsa a zaure, su juyo tare.

Sau ɗaya zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya ce, "Baba, ni ne fa, Yusha'u." Tsohon ya rikice, ya zube a ƙasa yana kuka, ya kwana uku bai yarda ya tashi ba. Daga ranar Yusha'u ya kama bakinsa.

Taku goma sha ɗaya ya zama arba'in, ya zama sittin. Ƙafa ta yi ƙwari, kai kuwa sai ƙara nisa yake yi.

Wata ranar Alhamis, sun kusa kwanar masallaci, Malam Ɗahiru ya rage tafiya.

"Bawan Allah, daga ina ka ce kake?"

"Daga Katabu, Baba."

"To, ko za ka ga wani ɗana a can wajen, Yusha'u sunansa, dogo haka, malamin makaranta. Ka ce masa ya leƙo ni. Ya daɗe rabonsa da gidan nan. Ban san abin da na yi masa ba. In laifi na yi, ka ce ya yafe mini."

Kalma biyu ce a bakin Yusha'u, "ni ne," kuma ya san abin da za ta jawo. Ya dubi ƙafafun ubansa, suna rawa amma suna ɗauke da shi, ga gida can baya da nisa.

"Zan faɗa masa, Baba."

"Allah ya yi maka albarka. Kai ka fi shi zumunci."

Yusha'u ya ce amin. Ya gyara riƙon gwiwar hannun tsohon, suka ci gaba da tafiya.