Malfar Rumbun Inna Hadizatu

Shafi'u ya sha kaye a gaban rabin mutanen Dosara, yana tsaye a kan tsani, wanda ya kayar da shi kuwa yana zaune a kan turmi yana sakace.

Abin da ya kawo shi, rumbun innarsa Hadizatu ne, yayar mahaifiyarsa, wadda ta riƙe shi tun yana tsumman goyo. Jinkar rumbun ta ruɓe, shuci kuma ya yi wuya, don ba mai son shiga daji mai nisa yankan ciyawa a shekarun nan. Shafi'u ya ce a bar masa, zai yi wa rumbun malfa ta kwano. Ya auna faɗinsa sau ɗaya tak, ya koma Talata Mafara, bayan kwana tara ya dawo da ita a bayan a-kori-kura tana walƙiya.

Maza shida suka ɗaga suka ɗora. Ta zauna ta gabas, ta ƙi zama ta yamma. Aka juya ta, ta sake ƙi. Ta tsaya a karkace kamar hular ango da ya sha gudu.

"Rumbun ne ba daidai ba," in ji Shafi'u daga saman tsani. "Lissafina da'ira ce cikakkiya."

Ɗan Juma magini, ƙanen kakansa, wanda ya gina rumbun da hannunsa, ya cire tsinke daga baki. "To, jikana, wanne aka fara yi, rumbun ko lissahin?"

"Rumbun."

"Shekara nawa yana tsaye?"

"Sha tara."

"Taka hwa?"

Kafin Shafi'u ya buɗe baki iska ta ba da amsa. Malfar ta sulalo, ta faɗa kan akurkin kaji. Ko kaza ɗaya ba ta mutu ba, amma sun daina ƙwai har mako guda, sunan Mai Malfa kuma ya bi Shafi'u har cikin masallaci. Daminar nan da leda da tsohuwar tabarma aka rufe rumbun. Ruwa ya sami hanya, dami goma sha ɗaya na gero ya yi baƙi. Hadizatu ta fitar da su ta zubar. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Shi dai Shafi'u tun yana ƙarami haka yake. Yara na gina shanu da laka, shi yana tsaga kara yana ɗaure shi kusurwa uku uku, ya haɗa har su zama ƙwallo. Ya yi sakandare a Kaya, ya wuce Poli a Talata Mafara, can ya gano cewa akwai masu biyan mutum don irin wannan wasan. Aikinsa a yau, in za a faɗe shi yadda tsohuwa za ta gane, shi ne ya rubuta wa kwamfuta umarni layi layi: sa ɗigo nan, sa wani can, ja zare tsakaninsu. Ɗigo uku su ba da kusurwa-uku, dubu daga cikinsu su haɗu su zama raga, ragar ta ɗauki siffar kwalbati ko bakin magudanar ruwa. Injiniyoyin da ke gyaran hanyoyin ruwa na masu noman rani a wajen Bakura su ne ke karɓa, su gwada a kwamfuta inda siminti zai tsage kafin a zuba shi. Matarsa Bushra, in aka tambaye ta sana'ar mijinta, cewa take masunci ne, yana saƙa raga kullum, ba ta taɓa ganin kifi ba.

Sai dai kwalbati injiniya ke zana shi da rula, da'irarsa da'ira ce. Rumbu kuwa Ɗan Juma ke gina shi, da laka da yawu da surutu.

Shekara ta zagayo. Hadizatu ta samu dami hamsin da huɗu, shi ne abincin gidanta har kaka mai zuwa, ita da jikoki biyar. Zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar, rumbu kuma na nan da ledarsa da ta yayyage. Shafi'u ya zo ya durƙusa, aka yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya ce, "Inna, a ƙara ba ni dama."

"Kaji zan tambaya ko gero?" in ji ta. Ta dube shi ta dubi sama. "Ka yi. Amma in ruwa ya riga ka, bana a gidan Bushra za mu ci tuwo, mu shida."

Wannan karon bai zo da lissafi ba, da igiya ya zo. Ya gicciya sanda biyu a bakin rumbun, ya kafa ƙusa a tsakiya, ya ja igiya zuwa kafaɗar rumbun ta fuska ashirin da huɗu, kowace ya rubuta tsawonta da zurfinta. Ɗan Juma ya zo kallo da turminsa.

"Mi kake nema, Mai Malfa? Kunama?"

"Hannunka nake karantawa, tsoho."

Bai tsaya nan ba. Ya bi gida gida yana roƙon a bar shi ya auna, Dosara da Kaya har cikin Maradun, duk inda aka ce rumbun ginin Ɗan Juma ne. Talatin da ɗaya ya auna. Mutane suka ce karatu ya taɓa shi, suka ba shi fura don tausayi.

A shagonsa na Talata Mafara ya buɗe kwamfuta, ya goge layin da ke cewa a zana da'ira. Ya rubuta sabon umarni: ɗauki ma'auni ashirin da huɗu, sa ɗigo a kowanne, haɗa su da tsinin sama, saƙa raga, sannan a shimfiɗe ta a kwance yanki yanki yadda almakashi zai bi. Gwajin farko wasu kusurwowin suka juya ciki ya koma waje, malfar ta fito a allo kamar laima da iska ta birkice. Kwana biyu yana neman laifin, ashe ɗigon ƙarshe ne bai haɗa da na farko ba. Ya gyara, ya buga a takarda, ya kai wa Zubairu mai aikin kwano a Bakura.

Zubairu ya jera takardun a ƙasa, ya ce, "Malam, ba biyu da suka yi daidai da juna. Ka tabbata?"

"Haka mai ginin yake. Yanka."

Ranar ɗorawa har masu tallan gyaɗa sun zo. Hadizatu ta sa aka kwashe kaji zuwa maƙwabta. Maza shidan nan dai suka ɗaga, Shafi'u ya nuna yankin da ya shafa wa jan fenti, ya ce ya dubi yamma. Aka sauke. Malfar ta zauna, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninta da laka. Jama'a suka ɗan jira ko za ta faɗo, da ba ta faɗo ba suka watse ba daɗi. Kwana uku bayan haka aka yi ruwan farko mai iska. Da ya ɗauke Hadizatu ta sa aka zaro dami daga sama, ta murza zangarniya a tafinta, ta hura, ta ce wa Shafi'u ya gaida Bushra, ya ce mata ta huta.

Ya rage Ɗan Juma. Ranar kasuwar Maradun ya tare jikan nasa a rumfar mai shayi, inda ya tabbata akwai masu saurare.

"Ku tambaye shi," in ji tsohon. "Bara ya ce rumbuna ba daidai ba. Bana malfa ta zauna. Rumbun aka sake? Ginina kamar da faifai aka zana shi. Wanga yaro ne bai iya awo ba."

"Kaka, da safe kake gini?"

"Tun kahin a haifi ubanka."

"Da safe inuwar rumbu ina take?"

"Yamma. Wannan ma sai an je Poli?"

"Talatin da ɗaya na auna. Kowanne yana da tumbi ta yamma, kusan taƙi guda. Gefen rana kana shafawa ka wuce, gefen inuwa kana tsayawa hira kana ƙara laka."

Rumfa ta ɗauki dariya. Ɗan Juma ya ce ƙarya ce, igiya ce ta miƙe, na'ura kuma ba ta san laka ba, ba ta san magini ba, ba ta taɓa jin sunansa ba.

Shafi'u ya ajiye kofinsa. "Ta san ka, tsoho. Akwai umarni guda a ciki da na sa wa sunanka. Yanzu in aka ce ginin naka ne, faɗi kawai nake aunawa. In rubuta Ɗan Juma, ita da kanta take karkatar da da'irar."