Askar da aka ɗauraye a tafki

Assalamu alaikum 'yan uwana na karatu. Ni ce dai, wadda take sa alamar zuciya a ƙarƙashin kowane shafi ba ta cewa komai. Kun daɗe ba ku gan ni ba. Wasu sun ɗauka aure na yi. Jinya na yi, kuma an karɓe mini waya.

Yau dai zan rubuta.

Da kasala ya fara. Ina tsakiyar labari, jarumin ya tsaya a ƙofar gidansu yarinyar, sai in ji ba ni da ƙarfin juya shafi. Warin mai ya fara tayar mini da zuciya. Fitsarina ya koma kamar shayi.

Umma ce ta ɗaga mini fatar ido. "Auta, ciwon shawara ne." Aka jiƙa saiwoyi, na sha, na amayar. Ga ƙaiƙayi. Ba na iya zama, ba na iya kwanciya, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ɗaki.

Da abin ya ƙi, Baba ya ɗauko adaidaita muka tafi asibiti a nan Gumel. Aka ɗebi jini, aka ba ni gado, aka sa ƙarin ruwa.

Likita ya ce ciwon hanta ne, nau'in B. Ya ce ana ɗaukarsa ta jini, ta aska ko allura, ta saduwar namiji da mace, ko daga uwa wajen haihuwa. Ya ce a gwada kowa a gida.

A cikin duk abin da ya lissafa, abu ɗaya kawai Baba ya ji.

"Gidana ba wanda za a gwada," in ji shi. "Lafiyarmu ƙalau."

Ni da ko sallamar mai kanti ba na iya amsawa da ƙarfi. Baba ya karɓi wayata ya ce littattafan soyayya ne suka buɗe mini ido. Bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi. Zai kawo ayaba ya ajiye a gefen gado, ya tambayi Umma, "Ta ci abinci?" ina kwance ina kallonsa.

Aka yi hoton ciki. Aka aika jinina Kano don a ga yawan ƙwayar cutar, gwajin da ya cinye riɗin da Baba ya noma. Ya biya. Wallahi tsoron mutuwa bai kai mini tsoron in mutu yana zargina ba.

Sai Iya, mahaifiyar Umma, ta zo dubiya daga Sule Tankarkar. Kun san suruka da miji: tunda aka yi auren Umma ita da Baba ba su taɓa haɗa ido ba. Yana shigowa take jan mayafi. Ran nan yana bakin ƙofar ɗakin jinya, ta dubi idona, sannan ta juya wajen Umma tana magana da ƙarfi yadda zai ji.

"Ke Hadiza, wannan idon na ubanki ne."

Ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba. A shekarun saba'in, lokacin babban fari, gero ya ƙone, ita da kakana suka bi ayari zuwa Tafkin Chadi. Ya koyi sana'ar su, ita tana banda kifi a wani tsibiri. Can aka haifi Umma. Wanzami ɗaya ne, a kwale-kwale yake zagayawa. In ya sauka sai a yi layi: masunta masu ciwon baya a yi musu ƙaho, jarirai a cire musu beli, masu kumburin saifa a tsaga musu ciki. Aska ɗaya. Ya tsoma ta a ruwan tafki, ya goge a cinyarsa, na gaba.

"In idon mutum ya yi rawaya, cewa muke ruwa ya taɓa shi. Ubanki cikinsa ya kumbura ya rasu. Maza nawa muka binne haka?"

Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sauke mayafi ta kalli Baba.

"Malam, ka kai 'yata a gwada ta. Ka bar jikata ta huta."

Aka gwada Umma. Tana da shi, tun tana jaririya ƙila, bai taɓa kwantar da ita ba. Likita ya ce mafi yawan zato wajen haihuwa na samu. Aka kira yayyena, aka samu ɗaya da shi. Baba ba shi da shi, an yi masa rigakafi.

Umma ta yi ta kuka tana neman gafarata. Me ta yi? Ita ma ba ta san ranar da ta ɗauka ba.

Baba kuwa, a layin karɓar magani ya tsaya kusa da ni, yana kallon takalminsa.

"Auta. Na zalunce ki."

Na kama bakin rigarsa kamar 'yar yaye.

Yanzu idona ya yi fari, ina cin tuwo har da ƙari. Ba a ce ciwon ya rabu da ni ba. Ina shan ƙwaya kullum, ni da Umma muna komawa gwaji. Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan jinya, na gode wa Iya, na gode muku da kuka yi ta cigiyata.

Don Allah, in ido ya yi rawaya, a je asibiti kafin jiƙo. A gwada duk gidan, har masu jin lafiyarsu ƙalau. Jariri a yi masa allurar rigakafi ranar da aka haife shi. Cin abinci tare ba ya yaɗa shi, kada ku ware mana kwano. Iyaye maza, ku saurari likita har ƙarshen maganarsa.

Baba yanzu duk sunan da aka gayyace shi, da sabuwar reza yake zuwa a aljihu, ya miƙa wa wanzami kafin a taɓa jariri. Abokansa na kasuwar Maigatari suna tsokanarsa, wai Malam Mai Reza.

Amsawa yake yi.