Rubutun Tururuwa

Kakata ba ta san ko bihim ba, amma ita ke tace jarida a gidanmu na Kafanchan. Babana yana aikin reluwe, yakan kwaso jaridun da fasinjoji suka bari a tarago don hura wuta. Kafin a kai ko ɗaya murhu, sai Kaka ta duba.

Shafi mai manyan baƙaƙe masu ƙiba takan miƙa wa wuta. "Wannan ihu ne kawai yana yi," in ji ta. Mai ƙananan rubutu a jere kuwa, ƙarƙashin tabarmarta. Ɗanta Bitrus, ƙanin babana, ya tafi yaƙi, an gama yaƙi bai dawo ba, kuma wani a coci ya gaya mata ana buga sunayen sojoji a jarida.

Bayan tuwo, muna gasa masara, sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ku kama ta." Wai tunkiya ce ɗanta ya ɓata. Ta je wurin jaki, sanƙiran daji. Jaki ya wage baki: "Zaki ya ci! Zaki ya ƙoshi! Zaki ya kwanta!" Duk daji ya ji, ba a ambaci ɗan tunkiya ba. Tana komawa tana kuka sai ta ga tururuwa a layi, suna ƙus-ƙus. Ta durƙusa ta kasa kunne, ashe sun wuce ta ramin da ɗanta ya faɗa.

"Labarin talaka, sai an durƙusa," ta ce, ta zaro shafi. "Rifkatu, ke ne mai ido. Karanta mini tururuwa."

Ni kuwa ina aji huɗu, masarata tana hucewa. Abin da ke shafin farashin citta ne, sanarwar gwanjo, wani lokaci sunaye. Nakan karanta rabi, in tsallake saura, in ce, "Babu, Kaka." Sai ta ce, "To, Ubangiji ya san inda shi yake." Har ta rasu ba mu samu ba, kuma layukan da na tsallake suna ci mini rai har yau.

Na girma na yi shekaru ina tsara shafi a wata maɗaba'a a Kaduna. Na koyi cewa kanun labari ke sayar da jarida, ban musa ba. Amma ran da edita ya ce in ƙara matse jerin sunayen waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su don kanu ya samu wuri, na rage kanun, na ƙara wa sunayen girma.

Ya ce, "Wa zai karanta wannan?"

Na ce, "Uwar wani, ranka ya daɗe."