Ba a Sayen Sa a Kwance

Jiya Juma'a da la'asar Baffana ya dawo daga kara, wajen cinikin shanu, ya tarar da ni a zaure na tasa tsohuwar laftof ɗina a gaba na yi tagumi.

Litinin zan miƙa tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, ita kuwa laftof ɗin sai ka shanye shayinka ba ta gama buɗewa ba. Aka ce in sa mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ashe iri-iri ce. Raina ya biya da wata mai ƙyalƙyali, saura kaɗan in goge komai in ɗora ta.

Na yi wa Baffa bayani, mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa.

Ya ce, "Ka ga tafiyarta?"

Na ce, "A'a Baffa, hotonta dai na gani."

Ya ce, "Haba Malam! Tun ina saurayi nake shiga kara, ban taɓa sayen sa a kwance ba. Sai an tashe shi ya taka."

Nan na tuna ana iya gwada kowacce daga filashi ba tare da an goge komai ba. Da na gwada su, mai kyan nan da ƙyar take jan ƙafa. Wata mara kwalliya kuwa, tana tashi ta kama gudu. Ita na ɗora, kafin magariba na buga shafi huɗu.

Baffa ya leƙo ya ce, "To, wannan zai yi huɗa."

Ku fa, me kuka taɓa saya a kwance?