Gishirin Bayan Magariba

Da muna yara a Birnin Kebbi, duhu ba ya yi wa kowa ba-zata. Ana la'asar sakaliya uwarmu za ta duba man aci-bal-bal, ta gyara lagwani, ta ajiye ashana inda hannu ya sani. Hasken kaɗan ne, hayaƙin ya fi shi yawa, da safe ka fyace hanci ka ga baƙi. Amma idan an kunna ta, ta kunnu. Yanzu a gidana na unguwar Gesse akwai mai sola, akwai mai caji, ga tocila, ga ta waya. Kowace ta fi aci-bal-bal haske nesa ba kusa ba, kuma kowace tana da ranar da za ta juya maka baya, domin wannan rana take jira, waccan kuma wutar lantarki.

Fataucin albasa ya kai ni wurare da yawa, kuma duk inda na sauka nakan lura da abin da mutane ke kunnawa. A Kwatano na fara ganin fitilar ruwan gishiri, a hannun masunta. Mai sayar da ita ya yi mini bayani da Faransanci, ya ce akwai wani ɗan farantin ƙarfe a cikinta wanda ruwan gishiri ke ci a hankali, daga wannan cin ne ake samun wutar. Ba ta hayaƙi, ba ta zafi, ko ta kife a kan tabarma ba abin da za ta ƙona. Aibinta shi ne ba ta kai mai sola haske ba, sai an riƙa wanke wani farin laka da ke taruwa a gindinta, kuma idan farantin ya cinye ba a sayar da shi a kasuwanninmu. Su can teku suke ɗiba su zuba. Mu namu ruwan na daɗi ne, sai mun sa gishiri da hannunmu. Na sayi guda, na riƙa jefa ta a jaka a bushe duk lokacin da zan yi tafiya.

Wata damina ruwa ya cika fadamar Argungu, na tafi duba ɗiyata da ke aure can, a wani gida na bakin fadama. Mijinta ya tafi Augie ganin abin da ya rage na shinkafarsa. Unguwar ta watse, mutane sun koma tudu wajen dangi, ba wanda ya saura sai ita da jaririyarta, sai wata tsohuwa a gidan da ke jikin nasu, wadda ta ce ita ba inda za ta. An daɗe ba wuta, hadari kuma ya hana rana fitowa, fitilarsu ta sola ta mutu. Wayata ma ta mutu tun a mota.

Na idar da sallar magariba ke nan a tsakar gida, ina zaune a kan buzu, sai ɗiyata ta zo ta tsaya a kaina. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, maciji ya shiga ɗaki."

Wutsiyarsa ta gani tana shigewa ta ƙarƙashin ƙyaure. Jaririyar tana ciki, tana barci a kan katifa a ƙasa. Kafin in miƙe ta nufi ƙofar, na riƙe mata hannu da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na ce mata idan ta taka shi a duhu zai sare ta, ko ya firgita ya yi kan katifar. Muka kasa kunne. Daga can ciki muka ji wani sauti kamar ana goga busassun ganye biyu. Duk wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san wannan sautin, kububuwa ce. Na ga mutumin da ta sara a wani ƙauye na Nijar, jini yana fita daga dasashinsa. Wannan babban mutum ne mai ƙarfi. Na kasa hana zuciyata auna jikin jaririya da nasa.

Ashana ta sha sanyi, kanta sai murmushewa yake. Itace da kara duk a jiƙe. Sai na tuna da jakata. Na zaro fitilar na ce a ba ni gishiri. Ɗiyata ta ruga madafi, ta dawo da kwano babu komai: rufin ya yi yoyo, gishirin ya narke ya bi ƙasa, ko dunƙulen miya ba ta da shi.

Na bar ta a bakin ƙofa bayan ta rantse mini ba za ta shiga ba, na zagaya gidan tsohuwar. Na same ta zaune a duhu tana jan carbi. Tocila ba ta da ita, aci-bal-bal ɗinta ba mai. Na faɗa mata abin da ya faru, na roƙi gishiri.

A nan na ci karo da abin da na sani tun ina yaro, na kuma mance. Tsofaffinmu ba sa fitar da gishiri daga gida bayan faɗuwar rana, ba sayarwa, ba kyauta, ba aro. Sun ce albarkar gida ce ke bin sa ta fita. Wasu ko sunansa ba sa kira a wannan lokaci.

"Alhaji, kai da ka san komi," in ji ta. "Abin miya yanzu? Mi za ka yi da shi, ka barbaɗa ma macijin?"

Na yi mata bayanin fitilar. Ban taɓa jin maganata ta zama wauta a kunnena kamar ranar ba, dattijo da furfura yana cewa zai kunna wuta da ruwa. Ta ce ita ta haifi tara, ba ta taɓa jin an kunna ruwa ba, kuma ranar da uwarta ta ba da shi da dare, shekarar ba su ga hatsi ba. Ina iya rarrashin ɗan kwastan da Faransanci, ina iya ciniki da Bazabarme da harshensa, na yi musu da Larabawa a Jidda, amma a gaban wannan tsohuwa Hausata ta ƙare. Ina tsaye, sai muka ji jaririyar ta fara ƙananan koke-koke ta bayan katanga, alamar ta farka tana motsi.

Tsohuwar ta tashi. Ta shiga ɗaki tana lalube, ta fito da 'yar ƙwarya, ta ajiye a ƙasa tsakanina da ita, ta juya mini baya.

"Ni dai ban ba ka ba," ta ce. "In ɓarawo ya shigo, shi da Allah."

Na sunkuya na ɗauka.

Na zuba gishirin a ruwan buta, na girgiza, na ɗura wa fitilar. Ba ta kamawa nan take. Sai ta fara da ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, a hankali take ƙaruwa, yarinyar kuma kukanta na ƙaruwa tare da ita. Ɗiyata tana ta maimaita sunan Allah guda ɗaya. Da hasken ya isa in ga yatsun ƙafata, na tura ƙyauren da sanda.

Kububuwar tana nan a naɗe tsakanin randa da bango, taku kaɗan daga katifar, ta ɗaga kai. Jaririyar ta harba zaninta, ƙafarta ɗaya ta sauko ƙasa. Na ajiye fitilar a dokin ƙofa, abin da ba zan yi da ta kananzir ba kusa da gidan sauro. Na bi ta ɗaya bangon, ina jan ƙafa, idona a kan macijiyar, na kama gefen katifar na jawo ta gaba ɗaya har waje. Uwar ta sure 'yarta, ta tuɓe ta a gaban fitilar, ta duba ta tun daga tsakar kai har tsakanin yatsu. Ba ko ƙwarzane. Kububuwar kuwa da taɓarya na gama da ita, kuma na ci gaba da dukanta bayan ta daɗe da mutuwa.

Da gari ya waye na sayo gishiri, na mayar wa tsohuwar ƙwaryarta cike. Ta karɓa, sai da na juya ta tambaye ni ko ɓarawon ya samu abin da yake nema.

A ranar na kwashe ɗiyata da jikata zuwa Birnin Kebbi. Da mijin ya dawo ya ji labari, ya sayar da gidan bakin fadama ya kama wani a tudu, ba su sake kwana a wancan ba.